Rasuwar Farfesa Si Lakhdar da Makomar Ragon Bakancensa

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masana Ƙwayoyin Zarra ta Yankin Gabas, mai mazauni a birnin Wujda na ƙasar Maroko, ta karɓi labarin rasuwar wanda ya kafa ta, shugabanta na farko wanda ba a taɓa samun mai ƙarfin halin tsayawa takara da shi ba, malamin malamanmu, Farfesa Dakta Alhaji Si Lakhdar Ben Tayyib El-Figigi, wanda Allah ya karɓi ransa wata ranar Talata bayan la'asar a gidansa da ke tsohon gari, bayan wata jinya da shi kansa ya rasu yana musun cewa ta kai a kira ta jinya. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Ƙungiya tana neman afuwar mai ɗakinsa, Lalla Yamna, da ƙaninsa, Alhaji Mimun El-Figigi, da dangi na Wujda da na Figig, da ɗalibansa da ke warwatse a duniya, saboda jinkirin fitowar wannan saƙo har aka yi sadakar uku, makonni suka shuɗe. Ba sakaci ba ne. A al'adarmu, duk takardar da za ta fito da sunan ƙungiya sai kowane mamba ya sa hannu, sunaye kuma suna bin jerin haruffa ne don kada a ce wani ya fi wani. Sai aka kasa jituwa a kan ko haruffan Larabci za a bi ko na boko, domin wanda zai zo farko a nan shi ne zai koma tsakiya a can. Da marigayi yana raye, da ya buga tebur sau ɗaya an wuce wurin. A ƙarshe aka yanke cewa kakaki kaɗai zai sa hannu, wato ni, ba don an fi ƙaunata ba, sai don kowa ya gaji.

An haifi marigayi Farfesa a Figig, a gidan manoman dabino, ya yi karatunsa a nan gida da kuma Turai, ya dawo da akwati ɗaya da tabarau mai kauri da wata tambaya da ba ta sake barinsa ya huta ba. Ya koyar sama da shekara arba'in. Da wuya ka samu malamin kimiyyar zarra a wannan yanki wanda bai taɓa tsayawa gaban allon Si Lakhdar yana zufa ba. Shi ya kama wa ƙungiya gidan hayar da take ciki har yau, mai tsakar gida da bishiyar lemo, shi ya sa dokar shayin na'a-na'a kafin kowace muhawara, yana cewa mutum ba ya iya zagin ɗan'uwansa da kyau in bakinsa na da zaƙi. Ƙungiya tana shaida cewa dokar ba ta taɓa hana kowa ba.

Tun da maƙwabta da dangi sun sha tambayarmu a zaman makoki ko wane aiki ne takamaimai marigayin yake yi, har wata gwaggonsa ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka gyaran rediyo yake koyarwa, ƙungiya ta ga wajibi ne ta yi bayani a taƙaice. Marigayi ya ba da rayuwarsa ga wata ƙwayar halitta da ake kira muon. Ido ba ya ganinta. Yayan ilektiron ne, wato ƙwayar da ke gudana a wayar lantarki, sai dai ya fi ƙanin nasa nauyi sau ɗari biyu da ɗoriya, kuma rayuwarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba, ko kusa. In aka saka shi cikin maganaɗisu yana juyi yana tangaɗi kamar katantanwar yara. Littafin da duk masana suka yarda da shi ya ce ƙarfin tangaɗin nan biyu ne da 'yar gyara. A kan wannan gyara ce rigimar take. Masu awo suka auna, masu lissafi suka lissafa, sai aka ga awo ya ɗara lissafi da ɗan giɓi, can wajen lamba ta tara bayan ɗigo. In giɓin gaskiya ne, to akwai wata halitta a ɓoye da ba wanda ya san ta, tana taɓa muon yana ƙara rawa.

Abu na biyu shi ne batun magaji. Irin waɗannan ƙwayoyi gida uku ne, muon kuma yana da gidansa. Duk muon ɗin da aka taɓa gani yana mutuwa, sai ya bar wata 'yar ƙwaya ta gidansu, nutirino, wadda ba ta da nauyin kirki, tana ratsa bango da dutse ba a ganinta, amma tana ɗauke da sunan gidan. Marigayi ya yi imani cewa in waccan ɓoyayyiyar halitta tana nan, to wata rana za a kama muon ɗaya ya rikiɗe kai tsaye ya zama ilektiron da ɗan haske, ya tafi bai bar magaji ba. Masu bincike sun duba muon da yawansu ya fi ƙarfin baki. Har yau ba a kama ko ɗaya ba.

Jama'ar Wujda ba su san marigayi da waɗannan ba. Da ragonsa suka san shi, kuma saboda ragon ne wannan saƙo ya yi tsawo fiye da yadda aka saba.

Kimanin shekara takwas da suka wuce, lokacin da wani babban ɗakin bincike a kusa da Chicago ya fara sabon awon tangaɗin muon, Farfesa ya je kasuwar dabbobi ya sayo matashin rago irin na Bani Gil, mai jar fuska da ƙaho murɗaɗɗe. Ya tsaya da shi a tsakar gidan ƙungiya, ya dafa ƙahonsa, ya ce a gabanmu: "Ku shaida. Na yi bakance, ranar da aka kama muon ya saɓa wa littafi, ko dai giɓin nan ya kai mataki biyar, ko a ga guda ya mutu bai bar magaji ba, ranar zan yanka ragon nan, duk unguwa ta ci. Kafin ranar, wuƙa ba ta taɓa shi." A sana'armu ba a cewa an gano abu sai tabbacinsa ya kai mataki biyar a ma'aunin da muke kira sigma. Mataki uku jita-jita ce. Huɗu ma jita-jita ce, sai dai ta yi wanka ta sa kaya masu kyau. Mu duka muka tafa masa, domin kowa ya ɗauka shekara ɗaya ko biyu za a yi a ci nama.

Ragon ya zauna. Kujerar mataimakin shugaba ta daɗe ba kowa a kanta, shi kuma ba ya fashin taro, don haka ɗalibai suka raɗa masa suna Mataimaki, sunan ya bi shi. Ya cinye ɓawon bishiyar lemo, ya cinye allin rubutu, ya kuma zaɓi gwiwar hagu ta mai magana da yawun wannan ƙungiya a matsayin wurin gwada ƙahonsa, ba tare da wani dalili da kimiyya ta iya ganowa ba. Kullum bayan la'asar marigayi zai zo da sha'ir da busasshen burodi, ya ja kujera kusa da turke, ya zauna yana yi wa ragon bayanin lissafin da ya yi a ranar. Da muka yi masa magana sai ya ce, "Shi kaɗai ne a gidan nan yake barina in kai ƙarshen jimla."

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan bakance ita ce Lalla Yamna, kuma ƙungiya tana so a rubuta haka. Duk yamma mijinta zai koma gida jallabiyarsa tana warin rago. Ta kafa ƙusa a bayan ƙofar shiga, ta kafa doka cewa a nan za a rataye jallabiyar kafin a taka mata shimfiɗa. Ta sha faɗa mana a kan akushin kuskus na Juma'a, mijin yana zaune: "Farfesa aka ce mini na aura, ashe makiyayi aka kawo mini. Makiyayin ma mai dabba ɗaya." Duk Babbar Sallah sai ta ce a kawo Mataimaki a huta, shi kuma sai ya sulale kasuwa ya sayo wani ragon, ya kawo mata yana kallon ƙasa.

Sau biyu wuƙa ta zo kusa. Na farko a shekarar annoba ne, ranar da za a sanar da sakamakon farko. Muka taru gaban allon majigi kowa da takunkumi. An ɗauko Ba Ramdan, mahaucin unguwa, ya shimfiɗa wuƙaƙensa a kan buhu. Lalla Yamna da maƙwabtanta sun turara kuskus tun safe, an soya albasa da zabibi, nama kawai ake jira. Lamba ta fito: huɗu da ɗigo biyu. Ɗalibai suka ɓarke da sowa, Ba Ramdan ya naɗe hannun riga ya nufi turke.

Farfesa ya ce, "Ba Ramdan, mayar da wuƙarka."

Mahaucin ya ce, "Haba Si Lakhdar, huɗu da wani abu ai biyar ce. Ko a makaranta ana cika wa yaro maki ya wuce."

Farfesa ya ce, "Ba a ajina ba."

Ranar kuskus da kabewa da karas aka ci. Wasu baƙin ba su sake amsa gayyatar ƙungiya ba.

Na biyu bayan shekara biyu ne, cikin zafin bazara, kuma a nan ne ƙungiya take so jama'a su san irin mutumin da aka rasa. Sabon awo ya fito, in aka gwada shi da tsohon lissafi, giɓin ya haura biyar. Duk abin da marigayi ya shekara arba'in yana faɗa, ga shi a allo. Sai dai a lokacin wasu masana sun fara sake lissafin da manya-manyan kwamfutoci, cikinsu har da ɗalibarsa, Dakta Hurriya Mazyan, kuma nasu lissafin yana matsowa kusa da awon. Dakta Hurriya tana zaune a bayan ɗaki, tana ɓoye nata lissafin, don ba ta so ta ɓata wa malaminta rana. Ba wanda zai zarge shi da ya ce a yanka. Shi da kansa ya miƙe, ya ce, "Giɓi tsakanin abu biyu ake auna shi. Ɗayan bai tsaya wuri ɗaya ba tukuna. Hurriya, 'yata, faɗa musu abin da kike ɓoyewa."

Ba Ramdan ya tattara wuƙaƙensa yana mita: "Sau biyu ke nan ina rufe shago a banza. Ragon nan ya gama raina ni, in ya gan ni ko tashi ba ya yi. In lambarku ta cika ku nemi jikana."

Lalla Yamna kuwa da kanta ta zo gidan ƙungiya ranar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Lakhdar, kuskus ɗin mutum hamsin na turara. Ko ka yanka shi, ko ka zauna kai da shi ku cinye."

A bara aka kammala awon, aka kuma fitar da sabon lissafi, sai ga su sun zo daidai gwargwadon abin da ake iya tantancewa. Giɓin da marigayi ya yi wa hidima tun yana saurayi ya rufe, ko kuma ya kusa. Wannan ya faɗo a makon Babbar Sallah, a shekarar da aka nemi jama'a su haƙura da layya saboda fari, don haka duk ragunan ƙasar suka ɗanɗana irin rangwamen da Mataimaki ya daɗe yana ci shi kaɗai.

A nan ƙungiya take son ta ƙaryata, da kakkausar murya, wata magana da ke yawo a shagunan shayi cewa lissafin Dakta Hurriya ne ya kashe Farfesa. Likitocinsa sun ce ciwon zuciya ne da ya daɗe da shi. Gaskiya ne abin ya yi masa zafi, ya yi kwanaki ba ya son magana, kuma mun ga idonsa ya kawo ruwa. Amma a gabanmu ya kira ta, ya zuba mata shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi wa ɗayanmu ba, ya ce, "Kin rufe mini giɓina, Allah ya yi miki albarka. Da wani ne ya rufe shi da na ce bai iya lissafi ba." Daga nan ya juya wajen turke ya ce, "Kai kuma kada ka yi murna. Rabin bakancen yana nan. Ana gina sababbin na'urori don neman muon marar magaji." Bai ga an kunna su duka ba.

Yanzu ga abin da ya faru bayan rasuwar, domin jama'a sun ji shi gutsuri-gutsuri. Ranar sadakar uku, bayan masu karatu sun shafa fatiha, Alhaji Mimun, wanda kowa ya sani da shagon barguna a kasuwa, ya tare mu a soro ya ce, "Malamai, yaya ya tafi, bakancensa ya bi shi. Ragon nan dukiyar gado ce. Bai bar ɗa ba, don haka rubu'i na matarsa ne, sauran nawa. Ranar arba'in za a yanka shi a ciyar da masu karatu, lada ya kai masa. Ya fi wannan zaman jiran abin da ba a gani."

Ƙungiya ta yarda cewa maganar Alhaji tana da kai. Da a nan ya tsaya, da wataƙila ba a ja ba. Sai ya ƙara da cewa, da murya mai kaiwa har tsakar gida inda mata suke: "Shekara arba'in yana neman abin da ke mutuwa bai bar magaji ba. Da madubi ya duba da ya huta."

Maganar ta yi mana zafi ƙwarai, mun kuma san wadda ta fi mu jin zafinta. Baƙin ciki yana sa mutum faɗin abin da ba ya nufi, Alhaji kuma ɗan'uwansa ɗaya ke nan a duniya.

Aka kira taron gaggawa a kan ko ƙungiya za ta miƙa ragon. Wasu suka ce bakance na mai shi ne, ya faɗi da rasuwarsa. Wasu suka ce mun shaida, mun tafa, don haka ya hau kanmu. Aka kaɗa ƙuri'a: bakwai a miƙa, shida a hana. Ni ina cikin bakwai ɗin, kuma ba na jin kunyar faɗa, gwiwata ce ta kaɗa. Har na fara rubuta hukunci, sai Dakta Hurriya ta ɗaga hannu ta ce bakwai da shida a cikin mutum sha uku ko mataki ɗaya bai kai ba, kuma ƙungiyar da ta hana yanka a kan huɗu da ɗigo biyu ba za ta halatta shi a kan wannan ba. Muka duba lissafin, muka ga tana da gaskiya, kamar kullum, abin da ke sa zama da ita wahala. Aka tashi ba matsaya, Mataimaki yana tuƙa a bakin taga yana kallonmu.

Da muka rasa mafita sai muka yanke mu kai maganar ga Lalla Yamna. Gaskiya dukkanmu mun ɗauka mun san amsar, masu son ragon ma sun yi masa sallama kafin mu fita. Muka same ta a tsakar gida cikin fararen kayan takaba, 'yan'uwanta mata suna gefenta. Alhaji Mimun ya riga mu zuwa, yana zaune cikin natsuwar wanda ya san shari'a tasa ce.

Ya ce, "Matar yaya, ga su nan. Ke kika fi kowa sanin wahalar da dabbar nan ta ba ki. Faɗa musu su kawo shi."

Ta ce, "Si Mimun, ka ce rubu'i nawa ne?"

Ya ce, "Haka yake, ba wanda zai tauye miki."

Ta ce, "To na ji. Rubu'ina daga wuya ya fara, ya haɗa da maƙogwaro. Sauran kashi ukun naka ne, ka yi yadda ka ga dama da su. Amma kada wuƙa ta taɓa rabona."

Alhaji ya ce, "Ai ba haka ake rabon gado ba."

Ta ce, "To a auna a gani. Ga masana awo nan har sha uku. Shekara takwas suna auna abu ɗaya ba su gama ba. Ni ba na sauri."

Wata daga cikin matan ta toshe baki da mayafi. Mu kuwa muka sunkuyar da kai, domin ba mu tabbatar ko yabo ne ko zagi ba. Ni ne na yi ƙarfin halin cewa, "Lalla, ki yi haƙuri, amma ke ce kullum kike cewa a yanka shi."

Ta dube ni ta ce, "Bushta, ɗana, a da ina da wanda zan faɗa wa." Ta nuna bayan ƙofa da haɓa. Jallabiyar marigayi tana rataye a ƙusarta. Ta ce, "Ban wanke ta ba. Shekara takwas ina faɗa a kan warin nan, yanzu kullum da safe sai na je na duba ko yana nan. Ya fara gushewa. Ku kawo mini ragon gidan nan."

Sannan ta juya wajen ƙanin mijinta, ba da faɗa ba, ta ce, "Na ji abin da ka ce a soro. Ni ban taɓa gane aikinsa ba, abu ɗaya kawai na riƙe, don ya faɗa mini sau dubu: wai abin nan nasa ba ya mutuwa sai ya bar na gidansu, ko da ido bai gani ba. Kai ka ce bai bar kowa ba. To waɗannan da suka cika mini tsakar gida suna shanye mini shayi, daga ina suka fito?"

Alhaji Mimun ya daɗe yana murza carbinsa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ki yafe mini, matar yaya." Sai ya ƙara da cewa, "Amma kashi ukuna ba za su ci sha'ir daga aljihuna ba." Washegari shi da kansa ya zo da motar ɗaukar bargunansa, aka ɗora Mataimaki a baya, ya kuma tsaya a hanya ya sayi buhun sha'ir, yana cewa wannan na farko ne kuma na ƙarshe.

Saboda haka, Ƙungiyar Masana Ƙwayoyin Zarra ta Yankin Gabas tana sanar da dangi, da abokan aiki, da ɗalibai, da ɗaukacin jama'ar Wujda abubuwa kamar haka. Za a yi sadakar arba'in ta marigayi Farfesa Dakta Alhaji Si Lakhdar a gidansa, kuma kuskus ɗin da kaji za a yi shi, don kada wani ya zo da wani tsammani ya koma yana ɓata mana suna kamar a shekarar annoba. Ƙungiya ta karɓi bakancen malaminta da sharuɗɗansa yadda ya faɗe su, ba ragi ba cikon maki, wannan karon da ƙuri'a sha uku cif. In ranar ta zo Mataimaki yana raye, za a nemi izinin mai wuyan, kuma mun riga mun san amsarta, don haka za a sayi wani. Ana roƙon Ba Ramdan ya ci gaba da haƙuri. Mambobi za su riƙa kai sha'ir bi da bi, kuma a kan wannan jerin ba wanda ya yi rigimar zuwa farko.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Lalla Yamna, uwar wannan ƙungiya tun kafin ta san ta zama, da Alhaji Mimun El-Figigi, da dukkan zuri'ar Ben Tayyib, da ɗalibansa na kusa da na nesa. Mun yi rashin mutumin da gaskiya ta fi masa nasara daɗi, wanda ya ga abin da ya yi shekara arba'in yana jira ya bayyana a allo, ya ce a dakata a sake dubawa. Muna kewarsa ƙwarai, har da buga teburin. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanar da shi amsar da ya nema, tun da yanzu ya je inda ba a buƙatar ma'auni. Allah ya ba iyalinsa haƙuri da juriya, ya ba mu ikon riƙe abin da ya bar mana.

Masu zuwa gaisuwa su sani cewa ragon yana ɗaure a tsakar gidan marigayi, dama da ƙofa, kuma a kiyaye gwiwa. An kuma roƙe mu mu ce a guji zuwa da zarar an idar da la'asar. A wannan lokacin Mataimaki yakan miƙe ya fuskanci ƙofa yana jira, Lalla Yamna kuma takan ja kujera kusa da turke da busasshen burodi a hannu, ta zauna tana ba shi labarin yadda ranar ta kasance, har ta kai ƙarshen jimla.

Sa hannu:

Dakta Bushta El-Yaznasni
Kakaki kuma Sakataren Watsa Labarai,
Mai kai sha'ir na ranar Talata,
Ƙungiyar Masana Ƙwayoyin Zarra ta Yankin Gabas, Wujda